Baba Ya Kai Ƙarar Sakamakona

Litinin

Zuwa ga Tsoho Mai Almakashi, uban ubana, babban alƙalin zuriyarmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa gwargwadon yawan furfurarka, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, gwiwar nan ta hagu kuma ta daina yi maka tawaye. Yaya matata Kaka, wadda kake riƙe mini amana tun kafin a haife ni? A shaida mata angonta na gaskiya yana nan da ransa, ko da yake an yi yunƙurin binne shi da takarda.

Na zaɓi alƙalami a kan waya ne saboda kunnuwanka sun yi ritaya sun bar idanunka a bakin aiki. In na kira ka, sai na yi ta ɗaga murya har maƙwabta su haddace sirrin gidanmu, kai kuwa ka amsa mini da “lafiya lau”. Wannan magana ta wuce lafiya lau. Ƙara nake ɗaukakawa, wanda ake ƙara kuwa ɗanka ne, Hedimasta mai ritaya, wanda Allah ya ƙaddara ya zama ubana.

Ga bahasin. Ka san na rubuta jarrabawar da hukumar likitoci ke yi wa duk wanda ya gama karatun likita, kafin ta ba shi lasisin duba marasa lafiya. Sakamako ya fito, na kuwa ci. A jikin takardar akwai lambobi uku. Ta farko makin da na samu, ɗari huɗu da goma sha takwas. Ta biyu makin da ake buƙata a haye, ɗari uku da tamanin. Ta uku tana can ƙasa a wani ɗan akwati, talatin da ɗaya, an rubuta a gefenta: matsayi cikin ɗari.

Baba ya sa gilashinsa ya duba. Ya tsallake lambobi biyun farko, wai shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa bai taɓa ganin jarrabawar da makinta ya haura ɗari ba, don haka waɗannan ado ne. Ya dafe talatin da ɗaya da yatsa. A makarantarsa, in ji shi, duk abin da bai kai arba'in ba jan biro ne. Da idonsa ya kai inda aka buga cewa na ci, sai ya cire gilashin ya ajiye, ya ce lallai duniya ta lalace.

Da wani uban ne, faɗa zai yi, a ba shi haƙuri, a ci abinci. Ɗanka wasiƙa ya rubuta. Shafi uku, zuwa ga hukumar likitoci, yana neman a yi masa bayanin dalilin da ya sa aka haye da yaron da bai san komai ba sai talatin da ɗaya cikin ɗari na aikinsa. Ya roƙe su da girman Allah su tausaya wa marasa lafiya. Ya sa cikakkiyar lambar jarrabawata don kada su wahala wajen nemo ni, ya aika, bai gaya wa kowa ba, har Umma.

Ranar Juma'a na goge takalmi na tafi karɓar lasisi. Matar da ke taga ta uku ta duba na'urarta, ta dube ni, ta shiga ciki, ta fito da abokan aikinta biyu su ma su gan ni. Ta tambaye ni a hankali ko ina da wani maƙiyi. Na ce ban sani ba, ni mutumin kowa ne. Sai ta juyo mini da takardar ta bayan gilashi. Tsoho, ko a cikin duhu na san wannan rubutu, shi ne yake sa hannu a katin sakamakona tun ina aji ɗaya.

Dokarsu ita ce, duk sakamakon da aka kawo ƙorafi a kansa a rubuce, ana riƙe lasisin mai shi har kwamiti ya zauna. Kwamitin kuwa sai nan da wata uku, sai fa in mai ƙorafin ya zo da kansa ya janye da rubutun hannunsa. Ni kuma wani ƙaramin asibiti ya ba ni aiki, in kama ranar ɗaya ga wata, nan da mako biyu cif, da lasisi a hannu. In babu, su kira na bayana. Matar tagar ta ce in takardar janyewa ba ta iso ba zuwa Alhamis ta makon gobe, in cire rai.

Saboda haka nake roƙon kotu mai alfarma ta umurci ɗanta ya janye. A kuma rubuta a kundin shari'a cewa ni ba zan durƙusa in nemi gafara a kan jarrabawar da na ci ba. Zan gaishe shi da safe, zan kai masa ruwan wanka in ya so, amma haƙuri a kan wannan ba ya cikin bakina.

A gaida Kaka gaisuwar ango. Allah ya ƙara maka lafiya, ya kuma sa ka yi adalci ko da sau ɗaya ne.

Jikanka mai neman haƙƙinsa,
Gwanin Baki

Alhamis

Zuwa ga Tsoho Mai Almakashi, alƙalin da ya yi shiru.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta Kaka da ta keken ɗinkin nan da ya girme ni. Kwana uku ban ji daga gare ka ba. Direban motar da na ba wasiƙar ya rantse a hannunka ya sa ta, ya ce ka karanta, ka yi dariya har ka yi tari, ka sallame shi. Ina tunatar da kotu cewa dariya ba hukunci ba ce.

Da na ga shiru, sai na ɗauki matakin ilmantar da wanda ake ƙara. Jiya bayan la'asar na shirya lacca a falo. Na zazzage kwalin ashana uku a kan tebur, na ƙirga tsinke ɗari, na jera su. Umma ta zauna a bakin ƙofa da ƙwaryar tsintar wake a matsayin 'yar kallo.

Bari in yi maka bayanin da harshen sana'arka, don kada ka ce ba a sanar da kai ba. A ce an kawo maka maza ɗari ɗinkin wando, ka jera su daga gajere zuwa dogo. Ka zo kan wani, ka ƙirga ka ga mutum talatin da ɗaya ne suka fi shi gajarta. To matsayinsa cikin ɗari ke nan. Wannan lamba ba ta gaya maka tsawon ƙafarsa ba, in ka yanka yadi inci talatin da ɗaya saboda ita, ka yi asarar yadin mutane. Wurin tsayuwarsa a layi kawai ta faɗa. In kuwa mazan nan ɗari dama don tsawonsu aka zaɓo su, to shi wannan da ke can baya sai ya sunkuya zai shiga ƙofar shagonka. Ka ɗauke shi ka sa a layin gajeru, ya koma na gaba, alhali ƙafarsa ba ta ƙaru da komai ba.

Haka na faɗa wa Baba. Sau biyu ya katse ni, na farko don in daina juya wa aji baya, na biyu don in cire hannu daga aljihu. Amma ka san ɗanka ba daƙiƙi ba ne. Kafin minti biyar ya gane sarai. Na ga ganewar ta sauka a fuskarsa, har na fara tattara ashanata da murna. Sai ya miƙa yatsa ya bi ta kan tsinken da ke gabana ɗaya bayan ɗaya, ya ce:

“Ashe sittin da takwas ne a gabanka. To ai maganar ta ƙara lalacewa.”

Ya ce in dai haka ne, mara lafiya ya je wurin na gaba-gaban mana. Na ce na gaban mutum ɗaya ne, ba zai rabu gida ɗari ba, asibitin da ya kira ni kuwa wata bakwai suna cigiyar likita, babu ko ɗaya daga cikin zakarun nan da ya leƙa su. Na nuna masa inda layin faɗuwa ya tsaya, wajen tsinke na goma sha biyu, na ce ni ina nesa da bakin ramin. Na ƙara da cewa a tsakiyar layi mutane a cunkushe suke, abin da ya raba ni da na hamsin bai wuce tambaya shida ko bakwai ba cikin ɗari uku. Ya ce tambaya bakwai ran mutum bakwai ne. Ra'ayinsa in zauna gida shekara guda in sake rubutawa. Na ce doka ba ta yarda wanda ya ci ya sake ba. Ya ce shi ya sa yake so su kayar da ni. Umma ta ajiye ƙwaryar ta ce a bar maganar haka, ya amsa mata da cewa abin da ya rubuta ya rubuta.

Yanzu zan faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba, in ka kai wa Kaka kuwa na sake ta na bar maka. Takardar nan kwana tara ta yi a cikin littafin ƙashi da jijiya kafin in nuna ta a gida. Ni aikin tiyata na so, a babban asibitin da na yi karatu. Su kuwa daga matsayi na tamanin zuwa sama suke ɗauka. Abokin ɗakina, wanda ni na koya masa sauraren bugun zuciya da kunnena a kan ƙirjinsa, ya samu tamanin da takwas, an ɗauke shi. Na rungume shi, na yi masa barkwanci har ya riƙe ciki, sannan na hau matakalar bayan ɗakin karatu inda ba a bi, na zauna har rigata ta jiƙe da hawaye. Don haka ba na buƙatar Hedimasta ya ƙirga mini sittin da takwas. Na ƙirga su kafin shi, wasunsu ma na san sunayensu da irin munsharinsu.

Amma na gama wannan zaman matakalar. Mu dubu huɗu muka rubuta, kusan kowa shi ne na ɗaya a makarantar da ya fito, kuma dole wani ya tsaya inda na tsaya. Hukuma ta ja layi ta ce wanda ya haye shi ya isa a ba shi amanar jikin mutum. Na haye da ƙafata, ba wanda ya tallabe ni. Ko uban da ya haife ni ba zai mayar da ni baya ba.

Saura mako guda. Ka taimaka ka yi magana, ko da rabin layi ne.

Jikanka, wanda tsinke talatin da ɗaya ke bayansa,
Gwanin Baki

Litinin

Zuwa ga Tsoho Mai Almakashi, wanda daga yau ya sauka daga kujerar alƙali.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka domin gaisuwa wajibi ce, ina kuma fatan kana lafiya, domin akwai tuhumar da za ka amsa, sai da ƙarfin jiki. A gaida Kaka, ita ba ta da laifi, sai na zaɓen miji.

Saƙonka ya iso ranar Asabar. Na yage ambulan ina neman hukunci, sai na tarar da tsohon kati guda, ya yi jawur, ko gaisuwa ba ka haɗo ba. Katin Baba ne na shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai. Maki saba'in da ɗaya. Matsayi, na ashirin da tara cikin talatin da huɗu. Na karanta ya fi sau goma. Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana tsayar da 'ya'yan mutane a filin makaranta yana kiran sunayensu daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, ashe mutum biyar kacal ya bari a bayansa.

Ba zan ɓoye maka ba, zuciyata ta raya mini in ajiye katin a kan tabarmar cin abinci, gaban Umma da ƙannena, in karanta da muryar masu labarai. Har na tsara gabatarwa. Amma na fasa. Lasisina nake nema, ba na so in tsallaka ta kan mutuncinsa in ɗauko shi.

Jiya da hantsi Umma ta tafi da yara duba wata 'yar'uwarta. Na same shi a baranda yana goge takalmansa, waɗanda ba ya zuwa ko'ina da su yanzu. Na ajiye katin a kan kujerar da ke gefensa, ban ce uffan ba, wanda ka san a wurina ba ƙaramin jihadi ba ne. Ya daɗe yana kallonsa da burushi a hannu. Sai ya ce:

“Ajin nan ba irin wanda ka sani ba ne.”

Daga nan ya ɓalle. Na ɗayansu, in ji shi, malamai ma tsoron tambayarsa suke. Na ƙarshensu sittin da huɗu ya samu, kuma shi ne daga baya ya horar da rabin malaman lissafin da shi Baba ya yi aiki da su. Ajin da ya biyo bayansu kuwa, zakaransu da ƙyar ya kai sittin da shida. Ya ce da an jinkirta haihuwarsa da shekara ɗaya, da wannan saba'in da ɗayan, shi za a kira na ɗaya a ba shi kyauta. Ya ce mutum ba ya zaɓen waɗanda za a jera shi da su. Yana faɗin haka sai ya tsaya, bakinsa a ɗan buɗe. Ya ji abin da ya faɗa. Ni dai na duƙufa ina nazarin igiyar takalmi.

To ga tuhumarka. Daga baya ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ya ce ranar da ya kawo maka katin nan, ba ka dubi saba'in da ɗaya ba, ashirin da tara ka gani. Kwana arba'in ba ka amsa gaisuwarsa ba. A kwanakin nan ka ɗinka wa rabin unguwa kaya, shi kuwa ya tafi makarantar da aka fara tura shi da tsohon wandon da ya ɗage masa har sama da idon sawu, ɗan tela guda. Ya ce a gaban allo, ran farko, yana jin yara suna kallon ƙafarsa, ya yi wa kansa alkawarin babu wani nasa da zai sake tsayawa a bayan layi. Bai ɗaga murya ba, bai kuma daina goge takalmin ba, ko da yake ya riga ya yi ƙyalli tun tuni.

Ashe ni ƙarar ɗa na kawo wa uban laifin. Ka aiko katin ne don in kayar da shi, ko don ka gaji da ajiyarsa shekara arba'in da biyar? Ban sani ba, kai ka sani.

Bai ce zai janye ba. Ya miƙo mini katin ya ce in mayar maka da kayanka. Ga shi nan cikin ambulan.

Ga matsayata. Na haɗa jakata. Ranar ɗaya ga wata zan tsaya a gaban babban likitan asibitin nan ko da lasisi ko babu, in yi masa bayani da bakina, in ya kore ni in dawo in jira kwamiti, in tsaya a gabansu da ubana a ɗaya ɓangaren. Ba zan sake roƙon kowa ba, har kai. Abu ɗaya nake nema, kuma ba don kaina ba. Ka ɗauki alƙalami ka rubuta wa ɗanka layi biyu. Ka makara ƙwarai, amma yana nan, yana kuma iya karatu.

Jikanka, mai gabatar da ƙara,
Gwanin Baki

Asabar

Zuwa ga Tsoho Mai Almakashi, wanda aka yi wa sassauci saboda shekaru.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ka da Kaka, tare da fatan kun tashi lafiya. Wannan gajera ce, domin gobe da safe zan kama hanya.

Ban san abin da ka rubuta masa ba. Ambulan ya iso ranar Laraba, ya shiga ɗaki da shi ya rufe ƙofa, da ya fito bai nuna wa kowa ba, ni ma ban tambaya ba. Ranar Alhamis tun da sassafe ya sa babbar rigarsa ya fita, ya ce wa Umma yana da uzuri.

Sauran labarin daga matar taga ta uku na ji shi jiya. Ta ce wani dattijo ya bi layi awa biyu a tsakiyar samari, an ba shi kujera ya ƙi. Da ya iso, ya nemi takarda, ya tsaya a jikin taga ya rubuta janyewa shafi ɗaya. A ciki ya ce mai ƙorafi bai fahimci lambar ba, yanzu kuwa ya fahimta. Ya ƙara da shawarar hukuma ta riƙa buga bayanin matsayi cikin ɗari da manyan baƙaƙe, saboda iyaye. Ta miƙo mini lasisina tana cewa in gaida maƙiyin nawa.

Yau da safe ina ɗaure jaka sai ya shigo ɗakina, ya zauna a bakin gado, ya naɗe hannun rigarsa. Wai kwana biyu ƙeyarsa tana yi masa nauyi. Na ɗauko abin awon jini na ɗaura masa. Ɗari da saba'in da biyu bisa ɗari da huɗu. Na bar shi ya huta, na sake, na kuma sake a ɗaya hannun, bai sauka ba. Ya tambaye ni ko makin mai kyau ne. Na shaida masa cewa a cikin tsararrakinsa ya shige gaba ƙwarai, kuma wannan ce jarrabawar da ake son mutum ya nemi bayan layi.

Na ce zan rubuta masa takarda ya ga likitan asibitin unguwa ranar Litinin, a duba ƙodarsa da zuciyarsa. Ya yarda, amma ya tambaye ni shi wancan likitan matsayi na nawa ya samu. Na ce ban sani ba, ba a rubuta wa kowa a goshi, kuma ina haɗa shi da Allah kada ya tambayi bawan Allah. Ya dubi hannunsa, sannan ya ce:

“To kafin Litinin ɗin, kai ka rubuta mini maganin. Naka dai na san shi.”

Na rubuta, na sa hannu, na sa lambar lasisina a ƙasa. Ita ce takardar magani ta farko da na rubuta da sunana. Ya tafi kantin magani da kansa, bai yarda a aiki kowa ba.

Ka riƙa tambayarsa ko yana sha, ni ba zai gaya mini gaskiya ba. A gaya wa Kaka ta shirya, angonta ya zama likita, in na samu hutu zan zo in auna ku duka biyu. Allah ya bar mana ku.

Jikanka,
Likita Gwanin Baki